Weather Underground: Shekara 30 da Kafuwa, Iyayen Gida Uku

A shekarar 2025 ne shafin hasashen yanayi na Weather Underground ya cika shekara 30 da zama kamfani. Tushensa Jami'ar Michigan ce a Amurka. A can ne a 1991 Jeff Masters, ɗalibin digiri na uku a hannun Farfesa Perry Samson, ya haɗa manhajar da ke nuna yanayin garuruwa ta intanet. Rubutu ne zalla, ba hoto ba taswira, amma jama'a suka yi mata caa. Alan Steremberg ya shigo aka ƙara taswirori, a 1995 kuma suka ɓalle daga jami'ar suka tsaya da ƙafafunsu.

Shekarun da suka biyo baya su ne na ganiyarsa. Kamfanin ya buɗe ƙofa ga duk mai ƙaramar na'urar auna zafi, iska da ruwan sama, ya kafa ta a gida ko makaranta yana turo alƙaluma. Da haka aka tara tashoshi sama da 250,000. A 2005 Masters ya fara rubuce-rubucensa kan guguwar teku, shekarar da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, mutane da dama suka dogara da bayaninsa.

Mai kaya mai kyau ba ya rasa mai tayi. The Weather Channel ta sayi kamfanin a 2012, IBM ta karɓe shi a 2016, a 2024 kuma ya koma hannun Francisco Partners. An yi guna-guni da aka daina bai wa masu haɗa manhaja bayanai kyauta a 2018, Masters ma ya bar aikin a 2019. Sai dai kwamfutocin da ke sarrafa wannan tarin bayanai kuɗi suke ci, kuma tashoshin jama'a na nan suna aiki.

Mu a Kano, tarihin yanayinmu da ke shafin daga tashar filin jirgin Malam Aminu Kano ake samo shi, wadda hukumar NiMet ke kula da ita. Alhali da damina ruwa kan sauka a Dala, Gwale kuwa ko ɗigo. Marinin Ƙofar Mata da zai shanya turmi da ɗan kasuwar Kurmi da ya baje kaya, hadarin da ke kansu ne damuwarsu. Don haka muna kira ga makarantun cikin badala da masu hannu da shuni su kafa irin waɗannan tashoshi a unguwanninmu.