Wuta ta tsaya, ruwa bai tsaya ba: labarin dam ɗin Kelly Barnes

Idan aka rufe gidan wutar lantarki, kana ganin dam ɗin da ke ba shi ruwa shi ma ya huta? Abin da ya faru a Toccoa, jihar Jojiya ta Amurka, ya nuna ba haka ba ne.

A 1899 aka tare wani rafi da duwatsu, sama da inda ruwansa ke faɗowa daga dutse mai tsayin mita 57. Dabarar mai sauƙi ce: ruwa ya taru a sama, ya gangaro ta bututu da ƙarfi, ya juya inji, wuta ta samu. A 1937 wata makarantar Kirista da ke gindin dutsen ta jibga ƙasa a kan tsohon ginin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara masa tsayi, ya kai kusan mita 12.

A 1957 aka daina samar da wuta, amma tafkin na nan cike. Bishiyoyi suka tsiro a jikin dam ɗin, tsofaffin bututu kuma na binne a cikinsa.

Ka san kowane dam na ƙasa ruwa na ratsa shi a hankali, wannan ba komai ba ne. Matsalar ita ce ruwan ya fara kwasar ƙasa yana tafiya da ita. Ruɓaɓɓiyar saiwa ko gefen tsohon bututu kan ba shi hanya, ramin ya yi ta faɗi daga ciki, kai kuwa daga waje ba ka ganin komai.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1977, wajen ƙarfe 1:30 na dare, bayan kwanaki ana ruwan sama, dam ɗin ya ɓalle. Ruwa ya afka wa gidajen makarantar mutane na barci. Mutum 39 suka rasu, da yawansu yara.

Kwamitin bincike bai ɗora laifin kan abu guda ba, amma ya ambaci zaftarewar ƙasa da zaizaya daga ciki. Daga nan Shugaba Jimmy Carter ya sa injiniyoyin soja su duba dubban madatsun ruwa a faɗin ƙasar.

Shekara 20 ke nan injin na kashe, ruwa kuwa yana ta danna ƙasar dare da rana. Ba a sake gina dam ɗin ba.