Diyyar Ma'aikata da Kiyaye Haɗari a Wuraren Aikin Gine-gine

Gabatarwa

Da zarar damina ta wuce, matasa da magidanta da dama kan bar gona su shiga aikin gini, wasu a garuruwansu, wasu kuma a wuraren cin rani. Su ne ke haƙa harsashin azuzuwan makarantu, da zuba kankaren kwalbatoci, da ɗora rufin asibitocin karkara. Akasarinsu kullum ake biyansu, ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma idan tsautsayi ya auku, abin da aka saba gani shi ne ɗan kwangila ya biya kuɗin magani na kwana biyu, ko ya kai buhun hatsi wajen ta'aziyya, daga nan magana ta ƙare. Wannan bayani yana fayyace haƙƙin da dokar ƙasa ta ba irin waɗannan ma'aikata, da nauyin da ta ɗora wa ɗan kwangila, da kuma abin da ake bukata daga jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya.

Tarihin dokar a taƙaice

Kafin shekarar 2010, dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987. A ƙarƙashinta, mai aikin ne da kansa ke da alhakin biyan diyya, kuma a dunƙule ake biya sau ɗaya: albashin wata 42 idan ma'aikaci ya rasu, albashin wata 54 idan ya nakasa baki ɗaya. Matsalar wannan tsari ita ce, idan mai aikin ya karye, ko ya tattara kayansa ya bar gari, iyalin ma'aikaci ba su da inda za su dosa.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke ta 1987, aka kuma fara aiwatar da ita a watan Yuli na 2011. Sabuwar dokar ta kafa asusu guda ɗaya wanda duk masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kuɗi a ciki, daga nan ne kuma ake biyan wanda haɗari ya shafa. An damƙa kula da asusun a hannun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, wadda aka kafa a 1993, kuma take ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Waɗanda dokar ta shafa

Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati a matakai uku, da na kamfanoni, da na masu zaman kansu. Ba ta tsaya ga masu albashin wata kaɗai ba. Ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da wanda ake biya kullum, da yaron da ke koyon sana'a. Ma'ana, leburan da ke ɗaukar bulo da kwaɓa siminti, da birkila, da kafinta, da mai ɗaurin rodi, da mai walda, da mai gadin wurin aiki, duk suna ciki. Sojoji ne kaɗai aka keɓe, amma fararen hular da ke aiki tare da su suna ciki.

Wani muhimmin abu shi ne, ba sai ma'aikaci ya tabbatar da cewa laifin mai aikin ne ba kafin a biya shi. Abin da ake dubawa shi ne ko raunin ya same shi ta dalilin aikin ko a cikin yinsa. Har ila yau, dokar ta amince da haɗarin da ya sami ma'aikaci a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, ko wurin da ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar albashi. Ta kuma amince da cututtukan da aiki ke haddasawa, da kurumcewa saboda ƙarar injuna.

Nauyin da ke kan ɗan kwangila

Wajibi ne ɗan kwangila ya yi rajista da hukumar NSITF, ya gabatar da jerin ma'aikatansa da abin da yake biyansu. Mafi ƙarancin abin da dokar ta ƙayyade ya zuba shi ne kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata. Alal misali, ɗan kwangilar da ke kashe Naira 2,000,000 a wata wajen biyan ma'aikata, Naira 20,000 ce za ta hau kansa.

Daga aljihun mai aikin wannan kuɗi ke fitowa. Dokar ta haramta a cire shi daga albashin ma'aikaci, kai tsaye ko ta wata dabara, kuma wanda aka kama da wannan laifi zai mayar da abin da ya cire, baya ga tara ko ɗauri. Haka kuma, duk wata yarjejeniya da aka sa ma'aikaci ya rattaba wa hannu ko ya dangwala yatsa cewa ya yafe haƙƙinsa na diyya, ba ta da tasiri a gaban doka.

Ya kamata hukumomin da ke bayar da kwangila su lura da wani tanadi na musamman. Idan wani mutum ko wata hukuma ta ɗauki ɗan kwangila aiki, dukkansu biyu ne ke da alhakin kuɗin da ake bi a kan wannan aiki, kuma mai bayar da kwangilar yana da ikon riƙe adadin daga kuɗin ɗan kwangilar domin ya biya. Wannan tanadi ya shafi babban ɗan kwangilar da ya yanka wa ƙarami wani ɓangare na aikin. Shi ya sa ake neman takardar shaidar biyan kuɗin NSITF a cikin sharuɗɗan neman kwangilolin Gwamnatin Tarayya.

Irin diyyar da ake biya

Ma'aikacin da ya nakasa baki ɗaya, ta yadda ba zai sake iya aiki ba, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda kuwa nakasarsa ta wani sashe ce, kamar rasa yatsu ko ido ɗaya, ana ƙiyasta abin da ya ragu daga samunsa a biya shi gwargwadon haka. Bugu da ƙari, asusun yana ɗaukar nauyin magani, da samar da ƙafa ko hannu na roba, da koya wa wanda ya nakasa wata sana'ar da zai iya.

Idan ma'aikaci ya rasu, iyalan da ke dogara da shi ne ke karɓa duk wata. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin. Mai ɗa ɗaya kashi 85. Wadda ba ta da ɗa amma ta kai shekara 50, ko take da lalura, kashi 60. Ana ci gaba da biya domin 'ya'ya har su kai shekara 21, ko su kammala digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Matakan da za a bi idan haɗari ya auku

Yawancin masu rasa haƙƙinsu, jinkiri ne da rashin takarda ke jawo musu. Don haka a kiyaye waɗannan matakai:

1. A garzaya da wanda ya ji rauni asibiti, a kuma adana katin asibiti, da rahoton likita, da rasiɗan magani. Ko da za a je wajen mai ɗori daga baya, a fara samun shaidar asibiti.

2. Ma'aikacin, ko wani daga iyalinsa, ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, tare da bayyana suna, da wuri, da lokaci, da yadda abin ya faru. Ya fi kyau a yi hakan a rubuce, a ajiye kofi.

3. Mai aikin ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7. Idan rasuwa ce, nan take ake kai rahoto. Ƙin kai rahoto laifi ne.

4. A cike takardar neman diyya cikin shekara 1 daga ranar haɗarin ko rasuwar. Idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin da ya hana, hukumar na iya karɓa har zuwa shekara 3.

5. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Inshorar gini daban take

Kada a haɗa wannan tsari da inshorar gini, wadda kamfanonin inshora ke sayarwa a ƙarƙashin kulawar hukumar NAICOM. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta wa mai gina benen da ya haura hawa biyu ya yi inshora, domin biyan waɗanda rushewar ginin ta shafa, har da masu wucewa da maƙwabta. Sabuwar dokar inshora ta 2025, wadda ta maye gurbinta, ta ci gaba da wajabta inshorar gine-ginen da ake kan yi. Rushewar bene mai hawa 21 a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu, galibinsu ma'aikatan wurin, ta nuna girman asarar da gini ɗaya ke iya jawowa.

Kiyaye haɗari a wurin aiki

Diyya ba ta mayar da ƙafar da aka yanke, ba ta kuma dawo da uba ga marayu. Rigakafi ya fi magani, kuma yawancin matakansa ba su da tsada.

Faɗowa daga sama: Wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu aikin gini. Dandamalin da ake hawa a yi aiki a sama ya zama an kafa shi a kan ƙasa mai ƙwari, da katako marar tsagewa, da shinge a gefensa. Kada a tsaya a kan durom ko bulon da aka jera. Idan za a jingina tsani, a janye gindinsa mita 1 daga bango a kan kowace mita 4 ta tsayi, kansa ya zarce wurin sauka da kimanin mita 1, a kuma ɗaure shi. Masu ɗora kwanon rufi su sauko idan iska ta taso.

Ruftawar rami: Ramin da zurfinsa ya wuce mita 1.2 yana bukatar a tokare gefensa da katako, ko a faɗaɗa bakinsa, musamman a ƙasa mai yashi ko bayan ruwan sama. A riƙa zuba ƙasar da aka haƙo nesa da bakin ramin. Masu haƙa rijiya da masai su sani cewa hayaƙin injin jan ruwa ko janareta yana taruwa a ƙasan rami, ya kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Kada a saukar da inji cikin rijiya, kada kuma kowa ya shiga sai da igiya a ƙugunsa da mutane a sama. Idan wani ya suma a ciki, kada a yi gaggawar bin sa ba shiri, domin ta haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Kankare da dekin: Kankare yana ɗaukar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Cire katakan da suka tokare dekin tun bai ƙosa ba, da rage siminti, da sanya rodin da bai kai kauri ba, da ƙara hawa a kan harsashin da ba a tsara shi don haka ba, su ne ke rusa gini a kan ma'aikata. Injiniya mai rajista da hukumar COREN, ko magini mai rajista da CORBON, shi ke da ikon cewa a cire tokara, kada a bar wannan hukunci a hannun heluma ko mai ginin.

Wutar lantarki: Rodi ko tsanin ƙarfe ba sai ya taɓa babbar wayar wuta ba kafin wutar ta kama mutum, kusantarta kaɗai ta isa. A duba sama kafin a ɗaga dogon ƙarfe, kuma kada a bar waya tsirara a inda ake jiƙa bulo.

Siminti, ƙura da zafin rana: Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata, ƙurar fasa dutse da yankan bulo kuma tana lalata huhu sannu a hankali. Ɗan kwangila ne zai samar da hular kwano, da takalmi mai ƙwari, da safar hannu, da takunkumin hanci, da tabaran walda, ba tare da ya cire kuɗinsu daga ladan ma'aikaci ba. A watannin bazara a tanadi ruwan sha da inuwa, a kuma mayar da aiki mai nauyi zuwa safiya da yamma. A ajiye akwatin taimakon gaggawa, kuma wanda ƙusa ta soka a kai shi a yi masa allurar tetanos.

Yara: Dokar Ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 15 ba a ayyukan masana'antu, ciki har da gini, ta kuma hana wanda bai kai 16 ba aiki da inji ko a ƙarƙashin ƙasa. A killace wurin aiki, a rufe ramuka da tankunan ruwa bayan an tashi, saboda yaran unguwa da dabbobi.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Ana kira ga shugabannin sassan ayyuka na ƙananan hukumomi da su nemi shaidar rajista da biyan kuɗin NSITF kafin a miƙa wa ɗan kwangila wurin aiki, su sanya kayan kariya cikin ƙiyasin kwangila, su kuma tabbatar akwai littafin da ake rubuta sunan kowane ma'aikaci da abin da aka biya shi kullum. Wannan littafi shi ne hujjar lebura ranar da aka yi musun cewa ya taɓa aiki a wurin.

Hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, waɗanda galibi gabansu ake fara kai irin wannan magana, su tuna cewa kuɗin da ɗan kwangila ya bayar na jinya ko ta'aziyya alheri ne, amma bai share haƙƙin da doka ta tanada ba. Su taimaka wa iyalai wajen rubuta sanarwa a kan lokaci, da samun takardar shaidar rasuwa. Domin ƙarin bayani, ana iya tuntuɓar ofishin NSITF mafi kusa, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha.