Tarihin Ɗaukar Hoton Jikin Dabbobi

Ɗaukar hoton jikin dabbobi fanni ne na likitancin dabbobi da ake leƙa ƙashi da kayan ciki da na'ura ba tare da an tsaga fata ba. Ya samo asali ne daga hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Würzburg ta ƙasar Jamus a watan Nuwamba na 1895. Ba a daɗe ba likitocin dabbobi suka rungume shi. Richard Eberlein na Balin yana cikin na farko, kuma shi ya shugabanci babban taron masana eksire na 1905, duk da cewa marasa lafiyarsa dabbobi ne.

Sikanin, wato hoton da ake haɗawa da amon sauti, ta ƙofar kasuwa ya shigo. A shekarun 1950 kaurin kitsen dabbobin yanka ake aunawa da shi a Amurka da Turai. A 1966 Ivan Lindahl ya nuna ana iya gane cikin tunkiya da shi, a 1980 kuma Palmer da Driancourt suka ga ɗan tayin goɗiya a allo a Faransa. Manyan na'urori irin su CT da MRI sun biyo baya daga asibitin mutane.

Yau kamfanoni irin su IDEXX na Amurka, da Esaote na Italiya, da Mindray na Sin ne ke cin wannan kasuwa, kuma mafi yawan cinikinta na karnuka da kyanwoyi da dawakin sukuwa ne a ƙasashe masu arziki, inda har inshora ake yi wa kare.

A Arewacin Najeriya tarihin ya bi wata hanya dabam. Sashen kula da dabbobi na Turawan mulki ya fara zama a Zariya kafin ya koma Vom a 1924, kuma annoba ce damuwarsa, musamman bushiya, don haka allura aka sani. Hoto ya samu gindin zama ne bayan an buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1960, da tallafin Jami'ar Jihar Kansas. Asibitin koyarwar tsangayar da ke Samaru shi ne babbar madogarar mutanen Kudan da Makarfi da Ikara idan ciwo ya fi ƙarfin malamin dabbobi na gari.

Sai dai lissafin mai dabba a wannan yanki na rake da tumatir ba irin na mai kare a Landan ba ne. Idan akuya ta karye, ko dai a ɗaure ƙafar da tsinke da tsumma, ko a kira mahauci. Kuɗin mota zuwa Samaru da na hoto kan iya cinye rabin kuɗinta. Dokin hawan salla ko ƙosasshen ragon layya ne ake yi wa wannan ɗawainiya. San huɗa kuwa, ɗora shi a mota kaɗai aiki ne, ballantana a ce ya tsaya cik a gaban na'ura.

Shi ya sa ƙaramin sikanin mai batir, wanda ake ratayawa a kafaɗa a shiga ruga da shi, ya fi dacewa da nan. Yana nuna cikin saniya tun yana kimanin wata ɗaya, kafin hannun likita ya iya tabbatarwa ta dubura. A tunkiya da akuya ma, inda hannu ba ya shiga, babu abin da ya kai shi. Amfaninsa a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata da sassafe: likitocin Najeriya sun daɗe suna rubutu kan yawan dabbobi masu ciki da ake yankawa, sau da yawa mai sayarwa da mahaucin duk ba su sani ba sai an farke ciki. Akwai kuma ledar da tumakin gari ke haɗiya, ta cunkushe a tumbi, dabba ta rame ciki ya kumbura, mai ita yana zaton haihuwa ce ke tafe.