Jijiyar da ke wuyan kibiya

Wanda duk ya zaro tsohuwar kibiya daga kwarin wani sarkin baka, ƙarfen da kunnuwansa zai fara dubawa. Ba safai ake lura da ɗan naɗin da ke ƙarƙashin ƙarfen ba, alhali kuwa shi ke riƙe da kibiyar. Kyauro kara ne marar ƙarfin baki. Idan aka soka masa ƙarfe ba ɗauri, da ya bugi ƙashi sai ya tsage. Abin da mahalban ƙasar Hausa suka fi amincewa da shi wajen wannan ɗauri shi ne jijiyar dabba.

Sun san ta iri biyu. Akwai agara, ta bayan ƙafa, mai kauri amma gajera. Akwai kuma ta gadon baya, shimfiɗaɗɗa, mai dogon zare, wadda sai mai fiɗa ya yi hankali kafin ya fid da ita ba yanka. A shanya ta a inuwa har ta bushe, a daddaka a kan dutse, a tsattsage ta sili-sili. Lokacin aiki sai a tausasa silin da ruwa ko a baki, a naɗa shi yana ɗanye. Yana bushewa yana tsukewa, danƙon jikinsa kuma ya manne shi, ba a bukatar ƙulli. Aibinta ɗaya: laima na sassauta ta. To amma yaƙi da farauta dama aikin rani ne.

Samunta bai zama abin damuwa ba a ƙarni na 19. Daji na cike da barewa, gada, gwanki da ɓauna, kuma kowace dabbar da kibiya ta kayar takan ba da ɗaurin kibau masu zuwa. Ƴan baka ne suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804, kuma da kibau masu dafi mutanen Sarauniya suka tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu cikin watan Afirilu na 1899.

Sai dai tun kafin Lugu dajin ya fara ramewa. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar wajajen 1890 zuwa 1891 ta share garken shanu, ba ta kuma bar ɓauna da sauran manyan namun daji ba. Mulkin Faransa ya raba kibiya da fagen yaƙi. Daga baya noman gujiya ya cinye dazuzzukan Maraɗi da Damagaram, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa saura. Dokar farauta ta 1998 ta zo ne don ceton abin da ya rage, kuma da gaskiyarta, ko da yake mai haɗa kibiya bai shiga lissafinta ba.

Haka mahalbi, wanda a da shi ke kawo nama gari, ya koma roƙon agara a wurin mahauta. Can ma yana da abokin takara, domin ƙafar sa abin miya ce, mahauci kuma ba ya son ɓata ta saboda zare ɗaya. Wasu sukan jira ranar Layya su bi gidajen dangi kafin a gama fiɗa. Mafi yawa kuwa sun haƙura, suna naɗa wuyan kibiya da zaren buhu ko robar tayar keke.