Auduga da Masu Tsaya wa Talaka a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Idan matafiyi ya tashi daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ba zai yi nisa ba sai ya shiga ƙasar da mutanen da su ke kira Katsina Laka. A nan Funtuwa ta ke, mazaunin Sarkin Maska, da Malumfashi, garin Galadiman Katsina, da Bakori, da Ƙanƙara, da Faskari, da Ɗanja. Ƙasa ce mai laka, ta fi arewacin Katsina samun ruwan sama, dawa da masara da auduga duk suna yi ƙwarai. To, duk inda aka sami amfanin gona mai kawo kuɗi, a nan a kan sami gardama bisa rabon kuɗin. Wannan labari ne na mutanen da suka ɗauki gardamar nan a kansu saboda manomi, da abin da suka samu, da abin da ya same su.

Tun fil azal talaka yana da hanyar kai kuka. Ya kan gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, in abin ya yi girma a dangana da Sarki. Malamai kuma su kan yi wa sarakuna nasiha. Amma da Turawa suka ci ƙasar Hausa cikin 1903, suka shirya mulkin En'e, sai hanyar nan ta sami cikas. Dagacin da za a kai wa kuka shi ne mai karɓar haraji, shi ne mai rabon gona, shi ne kuma mai fitar da mutane aikin hanya. Idan shi ya yi cutar, wa za a gaya wa?

Ana cikin haka auduga ta shigo da ƙarfinta. Masu masaƙu a Ingila sun kafa kamfanin B.C.G.A. cikin 1902 don neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulki. Aka kawo sabon iri, asalinsa na Amurka, aka riƙa raba wa manoma. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kafa wani a Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa ta Funtuwa, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Funtuwa wadda da ba wani babban gari ba ce, sai ta cika da baƙi, fatake da dillalai da teloli da mahauta da leburori, kowa ya zo neman abincinsa.

Wahalar manomi ta taru a wurare uku. Na fari haraji, gama da tsabar kuɗi a ke biyansa, lokacinsa kuwa ya kan zo da kaka. Wanda audugarsa ba ta shiga kasuwa ba, sai ya sayar da dawarsa da araha, ko ya ci bashi bisa audugar da ba a tsinke ba. Makiyayi kuma yana da nasa, watau jangali. Na biyu kasuwar auduga. Malamin auduga ya duba ya faɗi darajarta, akawu ya ɗora bisa sikeli ya faɗi nauyinta, manomi yana tsaye bai san abin da allurar sikeli ta nuna ba. Daga 1949 kuma Hukumar Ciniki ce ke yanka farashi tun kafin a buɗe kasuwa, ta saya ƙasa da abin da za ta sayar a ƙasashen waje, ta ajiye rarar. Na uku kotu. Alƙali ma'aikacin En'e ne, 'yan doka na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne.

Cikin watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka taɓa ƙasar Arewa duka. Ran 8 ga wata waɗansu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, suka ce talakawa ne za su ƙwaci kansu da kansu, kirarinsu kuwa shi ne Sawaba. Cikin watan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e. Ashe ke nan masu neman gyara iri biyu ne. Waɗansu suna so su gyara ɗakin suna ciki, waɗansu kuwa sun ce sai an sake tushe. Malam Aminu Kano yana cikin na biyu. Ya ajiye aikinsa na koyarwa a Maru cikin shekarar nan, ya rabu da albashi, daga bisani ya zama shugaban NEPU.

Maganar Sawaba ta sami masu saurare a kudancin Katsina, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Baƙon da ya zo Funtuwa ciniki ba shi da gonar da dagaci zai ƙwace, ga jirgi da motocin auduga suna kawo labarin Kano da Zariya kullum. Galibin masu riƙe da reshen jam'iyya a garuruwa ba manyan ma'aikata ba ne. Teloli ne, da 'yan tireda, da mahauta, da malaman allo, da manoma. Aikinsu shi ne su sayar da katin jam'iyya, su karanta wa jama'a jarida a zaure, su rubuta wa wanda aka zalunta takardar ƙara zuwa ga Di'o ko Razdan, su raka shi kotu, su gaya masa kada ya biya haraji sai an ba shi rasiti. Ba wanda ke biyansu ko anini. Ladan da su ke samu shi ne tara, ko bulala, ko kurkuku, bisa laifin yin lacca ba da izini ba, ko zagin sarauta. Mata ma ba su tsira ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta sha ɗauri sau da yawa saboda tana cewa a ba mata ƙuri'a, a sa 'ya'ya mata makaranta.

A cikin shekarun nan ne Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka kuma riƙa buga wa Lardin Katsina jaridarsa mai suna Himma. Gwamnati ba ta yi haka don taimakon abokan hamayyarta ba, amma karatu ba shi da jam'iyya. Manomin da ya iya lambobi ya kan leƙa sikeli da kansa. Ya kan duba rasitin haraji ya ga ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ya fito daga aljihunsa. Da yawa daga cikin cutar da a ke yi a da, sai ta zama da wuyar yi.

NEPU ba ta taɓa kama mulkin Jihar Arewa ba, cikin 1966 kuma soja suka rushe jam'iyyu duka. Mai duban abin daga nesa sai ya ce wahalar banza aka sha. Amma ba haka ba ne. Kafin 1970 an raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidajen yari, an mayar da su hannun gwamnati. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Cikin 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya. Waɗannan duk abubuwa ne da aka ɗaure mutane saboda faɗinsu shekara ashirin kafin nan.

Sai dai kafin a gama da tsohuwar matsala, sabuwa ta ɓullo. Cikin 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, sauran biyun a Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin ƙauye, noman masara ya haɓaka. Amma masu bincike da suka zauna a ƙauyuka sun nuna manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyarsa, gona kuma ta yi daraja har masu kuɗin birni suka shiga saye. Gardama ta tashi daga kan sikeli, ta koma kan taki da fili.

Lokacin nan kudancin Katsina yana cikin Jihar Kaduna. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci kujerar gwamna. Alhaji Balarabe Musa ya hau, nan da nan ya soke haraji da jangali, ya kuma kafa kwamitin binciken filaye don sauraron manoman da aka raba da gonakinsu. Sakataren gwamnatinsa shi ne Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Musawa cikin 1945. Abin lura a nan, shi jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, ɗan sarauta gaba da baya, amma ya ƙare rayuwarsa yana rubutu da magana don talaka, har ya rasu cikin 2005. Gwamnatin nan ba ta daɗe ba, gama majalisar jiha tana hannun abokan hamayya, ta tsige Balarabe Musa cikin watan Yuni na 1981.

Ba kowa ne ya tsaya kan hanya ɗaya har ƙarshe ba. Alhaji Wada Nas, mutumin Funtuwa, ya fara siyasa cikin NEPU tun yana saurayi, daga baya ya bi waɗansu jam'iyyu, ya zama minista zamanin Janar Sani Abacha. Waɗansu sun koma kasuwanci, waɗansu sun mutu ba su bar wa iyali kome ba sai tsohon katin jam'iyya.

An rushe hukumomin ciniki cikin 1986, aka ba Katsina jiharta cikin 1987. Yanzu tsaya wa jama'a ya zama aikin da a ke karatu dominsa, har a ɗauki mutum da albashi. Akwai lauyoyi masu kare marasa ƙarfi, da malaman gona, da ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai na manoma da na mata, da 'yan jarida na rediyo. Kukan ma ya sake. 'Yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu a wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Cikin watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Iyaye da mutanen gari suka taru, suka ƙi yin shiru, labari ya cika duniya, kafin mako guda ya cika aka sako yaran.

Wanda duk ke sha'awar wannan aiki ya kamata ya duba abin da ya sa na farko suka yi tasiri, alhali ba su da ofis, ba su da mota. Sun san takarda, watau doka da rasiti da lissafi, don haka ba a iya rufe su da baki. Suna zaune cikin mutanen da su ke yi wa magana, abin da ya ci manomi ya ci su. Sa'an nan ba su yi aikin su kaɗai ba, sun tara jama'a, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Albashi bai sake ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Har yau in an zo rabon taki a ƙauyen Bakori ko na Ƙafur, abin da manomi ke bukata shi ne mutumin da zai karɓi takardar sunaye, ya karanta ta da ƙarfi a gaban kowa, ya ƙirga buhunan, ya faɗi in ba su cika ba.