Yadda ake rajista da asibiti a tsarin inshorar lafiya a Kano

A Burtaniya, inda aka kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, mutum kan yi rajista da likitan iyali na unguwarsu, kuma shi ne zai tura shi wajen ƙwararru idan ciwo ya yi tsanani.

A Najeriya babu irin wannan likita. Abin da ya fi kama da shi shi ne asibitin farko da mutum ke zaɓa ranar da ya shiga inshorar lafiya, kuma kusan komai ya rataya ne a kan wannan zaɓi.

Asalin shirin

An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 1999, amma sai a 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shi, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa.

A watan Mayun 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mayar da shirin hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, wadda ta kafa hukumar KSCHMA. Ba a banza aka kira shirin jihar da sunan taimakekeniya ba. Malamai da dama na ganin akwai garari a inshorar kasuwanci, don haka aka gina shi a kan taimakon juna.

Wa zai shiga ta ina?

Ma'aikacin gwamnati ana cire masa kuɗin ne daga albashi. To amma Fagge gari ne na 'yan kasuwa. Mai shago a Kantin Kwari, ko a kasuwar Singa, ko a kasuwar Sabon Gari, ba shi da albashin da za a taɓa, sai dai ya kai kansa ya biya kuɗin shekara, shi kaɗai ko ta hanyar ƙungiyarsu.

Marasa galihu kuwa, akwai asusun da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ana raba shi ne ta ƙananan asibitocin mazaɓu.

Akan nemi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hoto, kuma ba a ranar rajista ake fara ganin likita ba, akwai ɗan lokacin jira.

Zaɓen asibiti

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Da yawa sukan rubuta babban asibiti saboda sunansa, alhali daga Fagge zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya tafiya ce, balle da yaro mai zazzaɓi a tsakar dare.

A cikin ƙaramar hukumar akwai asibitin Sheikh Muhammad Jidda, wanda aka fi sani da Kuroda, da ƙananan asibitocin mazaɓu, ga kuma asibitoci masu zaman kansu a Sabon Gari. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko asibitin na cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.

Duk wata ana biyan asibitin wani adadi a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. Da wannan kuɗi ake duba zazzaɓin cizon sauro, da awon ciki, da gwaje-gwajen yau da kullum. A tsarin tarayya, ma'aikaci kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Idan ana bukatar tiyata ko ƙwararren likita, asibitin farko ne zai rubuta takardar turawa, a nemo lambar amincewa. Wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi asibitin Murtala da kansa, zai iya tarar da cewa aljihunsa ne zai biya, in ba larurar gaggawa ba ce.

Mace ɗaya, 'ya'ya huɗu

Tsarin ma'aikata na tarayya ya ƙunshi ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba.

Wannan ma'auni bai dace da yawancin gidajen Kano ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara dole ya zaɓi sunayen da zai rubuta, sauran kuma ya biya musu ƙarin kuɗi. Haka ma iyayen da suka tsufa, duk da cewa su ne suka fi zuwa asibiti.

Masu katin kan koka cewa sau da yawa ana ce musu magani ya ƙare, su saya a waje, yayin da asibitoci ke cewa kamfanonin HMO, masu shiga tsakani a tsarin tarayya, na jinkirta biyansu.

Ƙa'idar shirin ta ba mutum damar sauya asibiti bayan wata 6 idan bai gamsu ba.