Daga Sararin Makka zuwa Harshen Na'ura: Yadda Kalandar Ummul Ƙura Ta Shiga Manhajoji

Kalandar Ummul Ƙura, wadda ta ari sunanta daga ɗaya daga cikin sunayen Makka, ita ce kalandar Hijira ta hukuma a Saudiyya, kuma da lissafi ake tsara ta tun kafin watan ya tsaya. Daga shekarar 1423, wato Maris ɗin 2002, sharuɗɗanta biyu ne, kuma a daidai inda Ka'aba take ake auna su: a yammacin 29 ga wata, sai an haifi sabon wata kafin faɗuwar rana, sannan ya faɗi bayan ranar. In sun cika, washegari ɗaya ga wata. In ba su cika ba, a cika talatin. Kafin 1423 da wasu ƙa'idoji aka yi aiki, don haka babu dabarar lissafi guda da za ta fitar da dukkan shekarunta daidai. Dole sai an ajiye jadawali.

Jadawalin da ya fi yaɗuwa a na'urori yana cikin ICU, rumbun manhaja da kamfanin IBM ya saki ga jama'a a 1999, wanda ƙungiyar Unicode ta karɓi kulawa da shi a 2016. A 2013, cikin fitowa ta 52, aka sanya masa Ummul Ƙura, daga baya kuma aka faɗaɗa jadawalin ya kama daga 1300 zuwa 1600. Abin da ya wuce wannan iyaka sai ya koma ga lissafin gama-gari. Sai dai da C da C++ aka rubuta wannan rumbu, alhali akasarin masu shirya shafukan intanet da ƙananan manhajoji da Python ko PHP ko JavaScript suke aiki. Waɗannan harsuna ba sa iya kiran rumbun kai tsaye, sai da tafinta a tsakani.

Hanyoyin samar da tafintan sun riga kalandar zuwa. David Beazley ya fitar da SWIG a 1996, mai karanta bayanin rumbu ya rubuta tafintan da kansa. A 2006 kuma ctypes ya shiga Python 2.5, kuma abin da ya jawo masa farin jini shi ne ba ya buƙatar kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa harshen na'ura. Amma ICU ya yi wa wannan hanya tarnaƙi. Ƙofar C kaɗai ctypes ya sani, kuma ICU yana liƙa lambar fitowa a ƙarshen sunan kowane aiki, ta yadda ucal_open kan koma ucal_open_74. Wanda ya rubuta sunan da hannu, ranar da aka sabunta rumbun sai ya yi kira babu mai amsawa.

PyICU, aikin Andi Vajda, ya bi ta ƙofar C++ da tafinta rubutaccen hannu. Wannan ya fi ƙarko, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: dole a haɗa shi da ICU ɗin da ke kan na'urar, da kwamfailan da ya dace da ita. A 2017 ICU 59 ya wajabta C++11, a 2024 kuma ICU 75 ya wajabta C++17. A duka lokutan biyu, duk wanda kwamfailansa ya tsufa, ko aka saita shi a kan tsohuwar ƙa'ida, haɗin ya ƙi masa, ko da bai taɓa harafi ɗaya a rubutunsa ba. PHP ya ɗauke wa masu aiki da shi wani sashe na wannan nauyi, domin ya saka tafintan a cikin gida tun 2009, ya ƙara masa sashen kalanda a 2013. Node.js kuwa, kafin fitowa ta 13 a 2019, bayanan Turanci kaɗai yake zuwa da su, sunayen watanni da Larabci sai an nemo su dabam.

Akwai waɗanda suka guje wa tafinta ɗungurungum, suka kwafe jadawalin cikin Python zalla. Sun huta da kwamfaila, amma jadawali ya zama biyu, kuma gyaran ɗaya ba ya isa ga ɗayan.

Abin da ake wa duk wannan wahala bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba, domin tazarar da kan shiga tsakanin Ummul Ƙura da lissafin gama-gari ke nan. Ga baƙon da wa'adin takardarsa ta zama a Makka aka rubuta da kwanan watan Hijira, kwana ɗaya ya isa ya raba shi da bin doka. Kuma ko an zaɓi tafinta da kwamfaila daidai, amsar da na'ura za ta bayar ta ofis ce kawai. Ranar Arfa Kotun Ƙoli ta Saudiyya ke tsayar da ita bisa shaidar ganin wata, farkon azumi a Nijeriya kuma daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ake sanar da shi.